Waken Mama a Kan Bola

Ruwan bana ya zo da halin na waccan shekarar. Ya sauko sau ɗaya a ƙarshen bazara, ya jiƙa ƙasa har mutane suka fito da fartanya, sai ya ɗauke ƙafa kusan sati uku ya bar mu da zafi da ƙudaje. A cikin wannan zafin ne 'yata Ladi ta zo mini yini ranar Asabar a gidanmu na Samaru, ta tarar ina haɗa shara kafin masu kurar kwasar shara su iso. Ta shiga kicin tana taya ni, sai na jiyo ta tana cewa, "Mama, wannan tsohon gwangwanin na saman kantar kicin fa? Toka ce kawai a ciki, in zubar?"

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Yarinyar da saura wata uku bikinta, na yi mata ihu kamar 'yar aji ɗaya. Ta mayar da shi ta fito tana kallona, na ce ta yi haƙuri, zafi ne. Ƙarya nake yi. Kusan shekara ashirin ke nan ina yin ƙarya a kan gwangwanin toka.

A wancan lokacin muna Sabon Gari, a Muchiya, cikin wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya wanda ya fi yin tari a kan kawo ruwa. Mu huɗu ne a ciki da falo: ni, da maigidana Yohanna wanda kafinta ne, da Ladi tana da shekara uku, da mahaifiyarsa wadda kowa a gidan yake kira Mama. Ina koyarwa a wata firamare a Samaru, kullum in hau bas in je in dawo. Ni 'yar kwatas ce, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba sai a gonar makaranta, nan ma don a ga na riƙe. Amma ina da takardar koyarwa, kuma ina ji da kaina ƙwarai. In na ga ƙazanta sai na yi magana, ko ta wace ce. Matan gidan suna ce mini Madam Ticha, a gabana da ladabi, a bayana kuwa Allah kaɗai ya san da wace murya.

Mama manomiya ce da birni ya kasa canjawa. Ta fi shekara talatin a Zariya tun barinta ƙauyensu a kudancin Kaduna, amma in hadari ya haɗu sai ka ga ta kasa zama. Wani dattijon cocinmu ya bar mata kunya shida a bayan gidansa a Samaru, nan take shuka wakenta. Ba irin farin waken kasuwa ba ne. Ƙanana ne masu duhu, da ɗan farin ido. Yana hawa duk abin da ya samu, kuma yana nuna da wuri, a tsakiyar damina, daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Uwarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane ranar da aka kai ta gidan miji, ita ma uwar a hannun tata uwar ta karɓa. Mama ba ta haifi mace ba, don haka tun Ladi tana goye take cewa, "Wannan ce za ta gaji wakena." Kowace shekara takan ware iri kafin kowa ya ɗanɗana.

Shekarar ta fara da tsada tun kafin damina. Amfanin bara bai yi kyau ba, ga manyan motoci suna ta kwasar hatsi suna yin arewa. Mudun masara da ka taya da safe, in ka koma da yamma ya canja kuɗi. Yohanna yakan wuni a shago yana korar ƙuda, don mai jin yunwa ba ya sayen kujera. Kananzir ya gagare mu, muka ajiye risho muka koma murhun garin katako, shi ne abin da shagon yake iya ba mu kyauta. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu ba sukari, da rana kowa ya san dabararsa.

Da ruwan farko ya sauka, Mama ta bi ni a bas zuwa Samaru ta shuka rabin irinta. Ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta bushe. Rana ta yi ta dukan ƙasa har ta tsattsage, iska in ta kaɗo kamar daga bakin murhu. Bayan sati biyu muka sake zuwa tare, da na tashi daga makaranta na biya in ɗauke ta, na same ta zaune a bakin kunya da busassun tsirrai a tafin hannu. A bas, da muka kusa sauka, ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Saura rabi. Wannan kam sai ruwa ya zauna."

Ana cikin haka dokar shara ta zo. Da can ba wani tsari muke da shi ba. Akwai juji a bayan layinmu, kowa ya watsa tasa, da rani masu jakuna daga wajen Zabi su zo da mangala su kwashe su kai gona taki, abin da ya rage ruwa ya tafi da shi ta lambatu. Sai ga mota mai lasifika tana zagaya unguwa, washegari duba-gari ya zo ya manna takarda a ƙofar gida. Aka tara matan gida a tsakar gida, ni na karanta.

Takardar ta ce daga yau ba mai zuba shara a lambatu ko a bayan layi. Kowane ɗaki ya nemi buhu ya tara tasa a ciki, ya ɗaure bakin tam. Fasassun kwalabe da gwangwanaye a ware su a kwali, kada su yanke masu kwasa. Toka kuwa sai an kwara mata ruwa ta mutu murus kafin a zuba ta a buhu, kada ta cinna wa mota wuta. Kada duba-gari ya shigo ya tarar da tsohon gwangwani ko fasasshiyar tukunya a tsakar gida ko a kicin, nan sauro yake haihuwa, wanda aka kama kuwa tara ce. Ranar Asabar kafin ƙarfe bakwai a kai buhunan bakin titi, gindin falwaya, mota za ta zo ta kwashe.

Maƙwabciyarmu Maman Nkechi, mai sayar da garin kwaki a kasuwa, ta tafa hannu ta ce, "Abeg, Madam Ticha, abinci ba mu samu ba, shara ce za a yi wa ado?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Dokar ta yi mini daɗi har cikin raina, don abin da na daɗe ina faɗa ne hukuma ta zo ta sa wa hannu. Na ɗauko alli na kwafe ta a bangon zaure da manyan baƙaƙe. Kafin a watse an riga an ɗora mini duba tsaftar gidan, ba don suna sona ba, don su ga ƙarshen iyayina.

Ranar Juma'a aka tashi makaranta da wuri. Mama ta tafi Shika da 'yan zumuntar mata ta cocinmu duba wata mara lafiya. Na ɗaura ɗankwali na shiga kicin ɗinmu, wani ɗan akurki a jerin na sauran 'yan haya, na ce yau sai ya zama abin misali. Na kwashe tokar murhu, na share yanar gizo, na fitar da duk wani tarkace. A can saman bango, ƙarƙashin kwanon rufi, inda hayaƙi yake taruwa, na hango wani tsohon gwangwanin madara, babba, ya yi tsatsa ya yi baƙi. An rufe bakinsa da wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa, yagen tsohon zanen zumunta na Mama. Na hau turmi na sauko da shi. Na kwance ƙyallen, na ga toka fal.

Har tsaki na yi. Na ce a raina, tsofaffi da ajiye-ajiye, har toka sai an yi mata ma'aji, wannan ai shi duba-gari yake nema. Na san Mama tana da sauran iri, amma a zatona yana ɗaki cikin akwatinta, a leda ko a kwalba, yadda ni zan ajiye abu mai daraja. Ban san ana binne iri a toka a rataye shi a hayaƙi don ƙwari ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba, don ban ɗauka akwai abin da zan koya a wurinta ba.

Na juye shi a tsohon bokiti. Da yana zuba na ji wani ɗan sauti, kar-kar-kar, kamar tsakuwa tana bugun ƙarfe. Na ce gawayi ne. Na ɗebo ruwa kofi uku, a lokacin da ruwa yake da wuya, na kwara, na juya da itace kamar yadda doka ta ce, na juye cikin buhu a kan sauran shara. Na nemi igiya ban samu ba, sai na ɗaure bakin buhun da ƙyallen nan. Gwangwanin na jefa a kwali. Da sassafe muka jera buhunan gidanmu a gindin falwaya, nawa a gaba, ya fi na kowa kyan ɗauri. Kafin rana ta yi tsaka 'yan gwangwan, masu tsintar tsofaffin ƙarafa, sun yi gaba da kwalin. Mota kuwa ba ta zo ba. Aka ce ba mai, aka ce sai Asabar ta sama.

Ranar Talata da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta yi ta kaɗa kwanon gida, sai ruwa ya ɓarke, irin wanda yake sa ƙasa ƙamshi. Yara suka fita tsirara, mata muka jera bokitai a bakin indararo. Ya kwana yana yi, ya wayi gari yana yi. Da ya tsagaita Mama ta fito da fartanyarta, fuskarta a sake yadda na daɗe ban gani ba, ta shiga kicin ta hau turmi. Ina tsakar gida ina wanke wa Ladi ƙafa, ina ganin hannunta yana lalube a saman bango, ya je can ya dawo nan. Ta sauko ta sake hawa.

Ta ce, "Maman Ladi, ba ki ga wani gwangwani a nan sama ba?"

Na ce, "Wane iri, Mama?"

"Na madara. Irin wakena yana ciki, a toka."

Sautin nan ya dawo mini a kunne, kar-kar-kar. Matan gida duk suna waje, Maman Nkechi tana tace ruwa kusa da ni, ga dokata da alli a bangon zaure. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban gani ba, Mama."

Ta dube ni, ba da tuhuma ba, irin kallon wanda yake fatan a ce masa wasa ake yi. Aka birkice kicin, aka duba ƙarƙashin gado. Yohanna ya ce 'yan gwangwan ne, sun saba shigowa in ba kowa, ya yi ta zaginsu. Na bar shi ya zage su. Mama ta jingine fartanyar a bayan ƙofa, ranar ba ta ci tuwo ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, buhun yana nan. Taku ɗari ne daga ƙofarmu. Kullum da safe ta gabansa nake wucewa in hau bas, ina ganin ƙyallen mai ruwan ɗorawa a wuyansa. Da na tsuguna na kwance shi a ranar, na tace tokar a rariya, da an tsira da mafi yawa. Amma sai in tuna masu shagunan bakin titi, da iyayen yaran da nake gaisawa da su, a ce ga Madam Ticha tana tonon bola. In ce gobe. Gobe ta yi, an ɗora wasu buhunan a gefensa, in ce jibi.

Asabar ta sama mota ba ta zo ba, ta bayanta ma haka. Aka ce tana gareji. Mutane kuwa ba su fasa kawowa ba, tunda an hana juji, duba-gari kuma yana zagayawa. Buhuna suka hau kan buhuna, awaki suka farke na ƙasa, ruwa ya jiƙa, rana ta dafa. Gindin falwaya ya zama bola sosai, wadda ta fi ta da, don wannan a ƙofar gidajenmu take. In iska ta juyo sai ka ajiye loma. Wata safiya na duba ban ga ƙyallen ba, na ce awaki sun ja, har na ji sanyi a raina.

Ranar Lahadi muna tafiya coci, Mama a gaba da jakar littafin waƙoƙinta, wanda ba ta iya karantawa amma ba ta zuwa babu shi, ni a baya goye da Ladi. Da muka zo bolar ta tsaya cak. A gefen da buhuna ya fashe wasu tsirrai sun fito cunkus, suna ture juna. Ta tsuguna da kayan cocinta, ta kama ganye ɗaya ta juya bayansa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ashe kana nan."

Daga ranar Mama ta koma noma a bola. Ta gwada cire wasu ta kai Samaru, ba su kama ba, sai ta bar sauran inda Allah ya ajiye su. Ta rage cunkoson ta bar gindi tara, awaki suka ci huɗu a yini ɗaya. Ta samo fasasshen kwando da guntun kwano da ƙaya ta kewaye biyar ɗin. Da sassafe tana can, tana janye buhunan da aka jefo a kansu, tana roƙon mutane su zuba ta ɗaya gefen. Ta ɗaura musu zare zuwa wayar da ta riƙe falwaya, suka kama, suka yi ta hawa. Masu shago suna dariya, wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Yohanna ya ji kunya ya yi mata magana, ta ce, "Kai ka ci wannan wake kafin ka yi haƙori. Bar ni."

Damina ta yi nisa, yunwa ta zauna sosai. Tuwon yamma ya koma na rabin mudu. Mukan tsinko tafasa da rama a bakin hanyar jirgi mu yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli, in babu ƙulin a ci da gishiri. Maman Nkechi takan turo mana ɗan garin kwaki na ƙasan buhu, mu jiƙa da safe ya kumbura ya yi auki. A makaranta yara suna barci a kan benci tun ƙarfe goma. Marka ta kama, kwana uku huɗu ba a ga rana ba, kaya ba sa bushewa, garin katako ya jiƙe yana hayaƙi ba wuta. Ruwan bola baƙi ƙirin yana gangarowa ya bi lambatu ya shiga layi. A tsakiyar wannan ƙazantar waken Mama ya yi kore shar, ya kai rabin falwaya, ya yi fure. Ban taɓa wucewa na ɗaga ido na kalle shi sosai ba.

Sai amai da gudawa ya shigo layin. Ya fara da gidan da yake daf da bolar, yaro ɗan shekara biyu, da safe yana wasa, kafin washegari an kai shi. Yohanna ne ya yi akwatin gawar, shi ne aikin farko da ya samu a wata biyu. Kwana uku bayan haka Ladi ta fara. Idonta ya faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya. Muka ruga da ita wani ƙaramin asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗarta, muka dawo da ita gida kamar tsumma.

Matan layi suka taru a zaurenmu suka ce a rubuta takarda a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, mu je gaba ɗaya da goyo, ba za mu taso ba sai an kwashe bola. Wa zai rubuta? Madam Ticha. A lokacin waken ya zuba 'ya'ya, sirara, kore. Na ji Mama da bakinta ta ce saura sati uku ya yi ƙwari. Na ce wa matan, "Da mun ɗan jira ƙarshen wata." Maman Nkechi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ki jira me? Wake ko pikin? Ke da kika kusa binne 'yarki." Gaskiya ta faɗa, ko yau aka sake tambayata zan rubuta.

Na rubuta a falo, Mama tana zaune a tabarma tana ba Ladi ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Da na ninke takardar ta ce, "In an kai, kwana nawa suke yi kafin su zo?"

Na ce, "Kin san su, Mama. Sai su yi wata ba su motsa ba."

Ta gyaɗa kai. Ni ma na gaskata abin da na faɗa.

Kwana huɗu suka yi. Mutanen da muka jira wata biyu da rabi, ranar Asabar da hantsi sai ga katafila da tifa biyu, da duba-gari a gaba da tsumma a hanci. Layi ya fito ana murna, yara suna tsalle. Mama ta fita ko ɗankwali babu. Ta je ta tsaya a gaban duba-garin ta ce, "Ɗana, don Allah ku bar mini nan gefen. Sati biyu kawai. Ku kwashe ko'ina, ku bar gindin falwaya."

Mutumin ba mugu ba ne. Ya dubi waken, ya dube ta, ya ce, "Mama, in mun tafi yau ban san ranar da za a sake ba mu mai ba. Kuma bakin katafila ba ya zaɓe. Ki tsinke abin da za ki tsinka, na ba ki minti goma."

Ta ware bakin zanenta ta shiga roro. Na sama sun fi ƙarfinta. Ina tsaye a ƙofar gida da Ladi a kafaɗa. Maman Nkechi ce ta ajiye bokitinta ta je ta janyo mata yaɗon ƙasa, sannan ni ma na miƙa Ladi ga wata na shiga. Ranar na fara taka bolar nan, ranar da ba ta da sauran amfani. Muka cika zane, muka koma gefe. Katafila ta sa baki sau ɗaya, kwandon da ƙayar da gindi biyar suka tafi cikin tifa. Zaren ya rage yana lilo a jikin waya.

A gida Mama ta zauna ta ɓare ɗaya, ta danna ƙwayar da farce, ruwa ya fito fari. Ta ɓare wani, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ware 'yan kaɗan da suka fara duhu ta shanya a faifai, ko da yake ba rana. Sauran ta wanke su sau uku da ruwan zafi, ta dafa su da ɓawonsu har suka yi laushi, da gishiri da ɗan manja. Ƙamshin ya cika gidan, irin wanda muka manta. Ta aika wa Maman Nkechi, ta zuba wa Yohanna, ta murje wa Ladi kaɗan, yarinyar da ta kwana biyar ba ta karɓi abinci ba ta buɗe baki ta karɓa. Ni na ce na ƙoshi.

Mama ta turo kwanon gabana. Ta ce, "Ci, 'yata. Ke kika ba shi ruwan farko."

A hankali ta faɗa, Yohanna ma bai ji ba, yana can yana suɗe hannu. Na ɗago, ita ta riga ta mayar da kanta kan Ladi. Na ci. Yunwa nake ji, kuma wake ne mai daɗi, ban taɓa cin mai daɗinsa ba, ina ci hawaye yana zuba cikin kwanon. Nan ne wurin da ya kamata in ce, Mama, ni ce, ki yafe mini. Ta buɗe mini ƙofa, sai in shiga kawai. Ban shiga ba. Na ce barkono ne ya shiga mini ido, alhali ba barkono a ciki.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Damina ta gaba ba ta je Samaru ba, dattijon ya ba wani kunyoyin. In hadari ya haɗu takan zauna a bakin ƙofa ta kalla, shi ke nan. Da bazarar da ta biyo ta kwanta, sati biyu ta tafi. Da muka kai ta ƙauye na bi tsofaffin mata gida-gida ina tambayar waken. Suka kawo mini iri-iri, wasu sun yi kama, Yohanna ya duba ya ce ba shi ba ne. Wata tsohuwa ta ce rabonta da ganinsa tun kafin a kawo irin zamani.

Da muka dawo nake kwashe kayanta, na buɗe jakar littafin waƙoƙi. A ƙasa na sami ƙyallen mai ruwan ɗorawa, an wanke shi fes, an ninke. Ashe ba awaki ba ne. Tun kafin waken ya tsiro ta gan shi a wuyan buhuna ta kwance, ta zauna da ni a ɗaki ɗaya, tana ci daga hannuna, ba ta ce komai ba. A kusurwar ƙyallen akwai ƙulli, irin wanda ake yi wa amarya a bakin zane. Ƙwaya goma sha ɗaya ne a ciki, a yamushe.

Su ne a gwangwanin da Ladi ta ɗauko. Na samo na madara, na cika shi da toka, na binne ƙullin a ciki yadda ya kamata, bayan ba sauran abin da ƙwari za su ci. Yanzu ba ma jiran motar hukuma, masu kura ne suke zuwa, ledoji baƙaƙe ne a madadin buhu, har yanzu ana cewa a ware kwalba a kashe toka, kuma ina yi. Amma kowace damina in ruwa ya zauna sai in sauko da gwangwanin in ce bana zan shuka, in mayar. Muddin suna ƙulle, ban ga ƙarshensu da idona ba.

Bayan tafiyar Ladi ranar nan na ciro ƙwaya ɗaya na sa a jiƙaƙƙiyar auduga cikin kofi a bakin taga, yadda na koya wa 'yan aji uku shekara da shekaru. Yau kwana tara. Ta yi laushi, ta yi baƙi, ba ta tsaga ba.

Saura goma, kuma nata ne, kakarta ta faɗa tun tana goye. Zan ƙulle mata su a bakin zane ranar da za ta tafi. Za ta tambaye ni me ya sa ba sa fitowa, don Ladi ba ta karɓar abu ba tambaya, ni ta biyo. Babanta ma har yau 'yan gwangwan yake zagi in maganar ta taso. Ta ce za ta sake zuwa ranar Asabar, na ce wa Yohanna kada ya fita shago da wuri. Na riga na sauko da gwangwanin, yana nan kan tebur.